Ranar da Surukina Ya Gan Ni a Allon Filin Abuja

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, kuma ko na so in manta, mutanen Kajiji ba za su bar ni ba. Na fi shekara ina juya maganar rubuta labarin. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don karatuna a aji shida na firamare ya tsaya, ina tsoron masu boko su yi mini dariya biyu, ta abin da na aikata da ta yadda na rubuta shi. Abin da ya sa na daure yanzu shi ne akwai tambayar da nake so in yi muku, kuma ba za ku gane ta ba sai kun ji abin da ya faru.

Ni mutumin Bodinga ne, fataucin albasa nake yi, ina bin babbar mota zuwa Kaduna da Legas. Halina kuwa duk wanda ya zauna da ni ya sani. Idan na kulle shago sai na dawo sau biyu na ja kwaɗon. Idan na yi alwala na yi taku goma, sai in fara tunanin anya na shafi kunne. Mai ɗakina takan ce da damuwa gero ce, da ni kaɗai na ciyar da Bodinga da Shagari.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne yadda nake kallon ƙwallo. An san ina so, amma ba a san abin da yake mayar da ni ba. A gida ni shiru-shiru ne. Amma ka ajiye ni a filin wasa a garin da ba a san ubana ba, sai ka rantse aljanu ne suka hau ni. Saboda haka duk garin da na sauke kaya, idan akwai wasa sai na shiga, har na zama ina da ma'aunina na filaye guda huɗu: akwai inuwa? Ina ƙofar fita idan rikici ya tashi? Ina za a yi alwala? Na huɗu, wanda ya fi duka, akwai wanda ya san ni a wurin?

Filin cikin Sakkwato gida ne, ga sauƙin zuwa, amma ya faɗi a ma'auni na huɗu. Ka ɗaga murya sau ɗaya, kafin ka kai tasha labarinka ya riga ka isa Sifawa, maƙwabciyar garinmu. A can ina kallo ne kamar mai sauraron wa'azi, hannu a kan gwiwa. Na Kaduna ya fi shi girma, kana kuma ganin 'yan wasa sosai, sai dai a gefenmu na talakawa rana ba ta da sabo, simintin kuma kamar tanda (buhun albasa nake ninkewa in zauna a kai). Can ma ba ka da cikakken tsaro, don Basakkwace ba inda babu shi. Na taɓa buɗe baki zan kwarara ihu, muka haɗa ido da wani ɗan Dingyadi mai sayar da goro, dole na mayar da ihun hamma. Legas ce wurin sakewa. Ganguna da ƙahoni tun daga farko har ƙarshe, ko ka tsaya da ka babu mai kallon ka. Illarta a wurina cunkoson fita, shi ya sa kullum nake ficewa kafin a tashi, kuma sau biyu ina jin ihun cin ƙwallo ina bakin titi.

Na Abuja ne kaɗai ban taɓa shiga ba. Daga saman lodi nake hango shi idan muna wucewa, fari fat kamar an kifa ƙaton faifai a bakin gari. Amma a majalisarmu idan ana gardamar filaye, nakan yi bayaninsa kamar da ni aka gina shi. Allah ya yafe mini.

To, sai maganar surukina, Baba Alhaji na Kajiji, dattijo mai shanu, mahaifin mai ɗakina. Shekara goma sha biyu da aurena ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga murya ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Tun daga bakin zaure nake tuɓe takalmi in durƙusa. Surukai maza biyar gare shi, amma da ni yake musu misali. Yakan ce, "Ku dibi yaron ga na Bodinga. Ko tarinai ban taɓa ji ba." Ba ni da mota, ba ni da shanu kamar sauran, wannan yabon shi ne duk abin da nake tinƙaho da shi a gidan. Yabon nan na ɗauka na tafi da shi Abuja, kuma shi ne ban dawo da shi ba.

Idon Baba ne ya fara hazo, sai ɗansa Bashiru, ƙanin mai ɗakina da ke aikin gwamnati a Abuja, ya ce a kawo shi a duba. Mai ɗakina ta ce, "Malam, kai ka san hanya, kai za ka raka shi. Don Allah kak ka bari shi wahala." Muka tafi. Aka duba, aka ce ba sai an yi aiki ba, aka yanka masa tabarau mai kauri.

Kwana uku muka yi a gidan Bashiru, ɗaki biyu ne da falo. Ku tuna fa ba na cin abinci a gaban Baba, shi kuwa a falon yake wuni. Sai dai in faki ido in leƙa bayan gida in tura loma biyu a tsaye. A rana ta uku cikina har kira yake yi kamar kurciya.

Ranar ce Bashiru ya shigo yana washe baki. "Yaya, 'yan ƙasa na wasa yau da la'asar, na samo muna tikiti ukku."

Na ce a raina ai Baba ba zai je ba. Sai na ji ya ce, "Tunda an gyara idon, bari in tahi in ga abin ga da ka hana yara noma."

Na san kaina. Idan aka ci ƙwallo ina kusa da Baba, ko dai in fashe ko in suma. Na shiga lissafi, sai dabara ta zo mini, kuma dabara ce mai kama da ladabi. Da muka isa bakin filin, bayan mun yi sallarmu ta matafiya (sai da na tambayi Bashiru alƙibla sau uku), na durƙusa na ce, "Baba, ku gafarce ni, bai kamata in zamna kusa da ku wurin wasa ba. Zan koma wancan gehe."

Baba ya dubi ɗansa. "Ka gani ko, Bashiru? Ka ga kunya. Tahi, Allah shi yi maka albarka."

Na sayi tikitin gefen talakawa, na kuma sayi gasasshiyar masara biyu na soka a aljihu. Da na shiga, wallahi sai da na tsaya. Duk abin da na faɗa a majalisa ban faɗi rabi ba. Rufi ya zagaye wurin zama kaf, ga inuwa har ga talaka. Kujeru na roba, kowa da tasa, babu ruwanka da buhu. Ƙofofi kuwa sai da na gaji da ƙirgawa. Abin da kawai Kaduna ta fi shi a idona shi ne kusanci, don a nan daga sama 'yan wasan kamar tumaki a fadama. Wannan nisan kuwa shi ya fi faranta mini rai. Na hango ɓangaren su Baba, mutane kamar an watsa gero. Na ce ko saurayi mai idon shaho ba zai tsince ni ba, balle dattijon da shekaranjiya ya gaishe da turken lantarki. Ma'auni na huɗu ya cika.

Na ga wani ƙaton allo a can sama, ya kai bangon gida, yana nuna 'yan wasa. Na ce madalla, talabijin ce irin ta gidan kallo. Ban ƙara tunani a kansa ba. Ni da nake komawa in ja kwaɗo sau biyu, ban tambayi kowa abin da allon nan yake nunawa ba.

Allah ya haɗa ni da wasu masu ganga, sun shafe fuska da kore da fari. Na ciro masara na fara yagar ta kamar wanda ya fito daga kurkuku. Wasa ya yi zafi, na cire hula. Ya ƙara zafi, na tuɓe babbar riga na ɗaure ta a ƙugu. Wani ya ɗora mini wata hular gashi koriya a ka, ban hana ba. Can sai namu suka zura ƙwallo. Jama'a, abin da na tara na kwana uku, kai, na shekara goma sha biyu, duk ya fito. Na haye kujera, masara a baki, ina taka rawa irin ta 'yan kokawar garinmu, ina dukan ƙirji ina kirari. Masu ganga suka zagaye ni suna ba ni kiɗa.

Sai na ji filin ya ɗauki wata sowa daban. Na kusa da ni ya dafa ni yana nuna sama. Na ɗaga kai, na ga wani mutum a allon, ƙato kamar raƙumi, da singileti da koren gashi da masara a baki, yana girgiza ciki. Na tuntsire da dariya. Har na ce a raina, Allah ya shirya, wannan dai ba shi da suruki. Sai na ga mutumin shi ma yana dariya. Na duba ƙugunsa, na ga rigar da aka ɗinka mini da ƙaramar salla.

Ban san lokacin da jikina ya yanke wa kansa hukunci ba. Abin da kawai ya faɗo mini shi ne Baba yana kallo na, kuma abu ɗaya na iya idan Baba yana kallo na. Na diro daga kujera, na tuɓe takalmana, na durƙusa ina fuskantar ɓangarensu, na sunkuyar da kai na dunƙule hannu ina gaisuwa. Masarar tana bakina har lokacin.

Masu gangar nan suka ɗauka sabon salon rawa ne. Sai ga su duk sun tuɓe takalma sun durƙusa. Layin bayanmu ma ya durƙusa. Mai ɗaukar hoton kuwa, Allah ya saka mini, ya ƙi kawar da abinsa. Filin ƙasa guda yana tafi, ni ina tsugune ina roƙon ƙasa ta tsage.

Ban san yadda aka ƙare wasan ba. A karo na farko a rayuwata ban yi saurin fita ba, duk yawan ƙofofin da na yaba. Da na iske su a mota, Bashiru ya kifa kai a sitiyari, kafaɗunsa suna rawa. Ya ɗago da hawaye ya ce, "Yaya, ina hular? Ai ta yi maka kyau." Baba yana ta kallon titi ta taga har muka isa gida. Ni kuwa a hanya har na gama tsara yadda zan koma Legas da zama.

Bayan magariba aka kawo tuwo. Na miƙe zan sulale kamar kullum, sai Baba ya ce, "Zamna." Na zauna a bakin ƙofa. Ya cire tabarau ya goge da gefen rawani, ya mayar.

"Likita ya ce in gwada abin ga da nesa," in ji shi. "Na gwada. Yana da kyau ƙwarai. Har ƙwayar masara na ƙidaya."

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, sharrin shaiɗan na."

"Shaiɗan bai iya rawar ga ba, ta Bodinga ta." Ya gyara zama. "Shekara goma sha biyu ina tausayin ɗiyata, ina cewa na ba da ita ga turmi, ba magana ba dariya. Ashe gidanku akwai rai. Kuma gaisuwarka ta iso. Na amsa, kai na ba ka ji ba." Ya turo kwano gabana. "Tunda duniya duk ta ga kana da baki, sa hannu."

Loma uku na iya yi, kowace kamar dutse. Daga baya Bashiru ya tsegunta mini cewa lokacin da aka ci ƙwallon, sandar Baba sai a layi na uku aka tsinto ta. Ban tambayi Baba ba, shi ma bai faɗa ba.

Yanzu an daina misali da ni a Kajiji. Idan na sauka daga babur, tun daga nesa sauran surukan suke tuɓe takalma su durƙusa, ɗaya yana kaɗa bakin bokiti. Na haƙura. Abin da na koya shi ne, shekara da shekaru ina auna filaye da abin da ɗan kallo zai gani, ban taɓa kawowa filin ma yana kallon ɗan kallo ba. Kuma mai ɓoye hali kamar mai ɓoye albasa ne a ɗaki, ko ya rufe ƙofa wari zai kai rahoto.

Ga tambayar tawa. Baba ya ji a rediyo ana yabon filin Uyo, ya ce bayan girbi ni zan kai shi, kuma wannan karon ko kujera ɗaya ba za ta raba mu ba. Don Allah duk wanda ya taɓa shiga filin nan ya taimaka ya sanar da ni: akwai inuwa a gefen talakawa? Akwai wurin alwala kusa? Sannan shi ma yana da irin allon nan? Idan yana da shi, wane layi ne mai ɗaukar hoto ba ya kaiwa? Ba don ni kaɗai nake tambaya ba. Baba ya ce in saya masa koriyar hula.