Rasuwar Koubra, Kibod ɗin Younoussa na Tayuri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haƙarƙari biyu a karye, da bakin da ko burodi ba ya iya taunawa, Younoussa mutumin Tanut ta Nijar, mazaunin unguwar Tayuri a nan birnin Sabha na ƙasar Larabawa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa zaman jiran aiki a bakin titin Abdulkafi, rasuwar abokiyar zamansa Koubra. Koubra dai kibod ce, wato allon madannan kwamfuta, wadda mutanenmu na Nijar ke kira kilabiye. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan yashi, a gaban jama'a. Ba ciwo ne ya kwantar da ita ba, kashe ta aka yi.

Ba a san garin da aka haifi marigayiya ba. An dai san ta yi ƙuruciyarta a ofishin wani kamfanin jigilar kaya, inda ta yi hidima har haruffan jikinta suka fara gogewa. A shekarun nan da rediyo ke faɗa safe da yamma cewa Afirka gida ɗaya ce, aka kuma manna taswirarta a kowane bango, sai kamfanin da jami'a suka ƙulla yarjejeniya. Kamfani ya kawo kwamfutoci, jami'a ta ba da ɗaki da malamai, aka ce wanda ya koyi bugu ya ci jarrabawa za a ba shi kujera a ofis, ya riƙa shigar da bayanan kaya. Aka ware ɗan gurbi domin baƙi 'yan uwa na Afirka, kamar yadda ake kiranmu a wurin taro. A kan titi da wani sunan ake kiranmu, wannan kowa ya sani.

Ba sha'awar boko ce ta kai Younoussa ajin nan ba. Buhun siminti ne ya gama da bayansa a wurin gini, har mai ɗori ya gaya masa cewa ranar da ya sake ɗaukar bulo, ranar zai daina tafiya da ƙafarsa. Aikin zaune ne kaɗai ya rage masa a duniya. In bai same shi ba, sai dai ya koma Tanut ya kwanta a tabarma, matarsa Raïhanatou ta riƙa juya shi.

A can ya gamu da Ustaza Djamila, malamar jami'a, 'yar ƙasa, mace mai faɗa da kuma tausayi. Ranar farko ta dubi hannuwansa ta girgiza kai, domin yatsa ɗaya nasa madanni biyu yake dannewa, 'yan aji kuwa me za su yi in ba dariya ba. Da aka tashi, sai ta jawo wata tsohuwar kibod daga cikin kayan da kamfani ya yar, ta miƙa masa. Ta ce, "Ya Yunus, tafi da ita gida. Ba sai da wuta ba, ba sai da allon kallo ba. Yatsunka nake so su koya." Ta ba shi ƙyalle ya riƙa rufe hannuwansa kada ido ya taimaka masa, ta nuna masa madanni biyu a layin tsakiya masu ɗan tudu a kai, ta ce nan ne gidan manunansa, duk inda suka je su dawo nan. Saboda girman kibod ɗin da nauyinta ya raɗa mata Koubra, wato babba da Larabci.

Halin marigayiya abin yabo ne, kuma ba don ta mutu ake faɗa ba. Irin ƙirar da ce, mai farantin ƙarfe a ciki, ba irin na yanzu da iska ke ɗauka ba. Tun da ta shigo Tayuri ba ta sake ganin kwamfuta ba, wayarta na naɗe a ƙugunta, amma ba ta taɓa ƙorafi ba. Ba ta sha lantarkin kowa ba. Ta sha yashi, ta sha shayin da Hama mai fenti ya tuntsure mata, ta haƙura. Duk kuskuren da Younoussa ya buga a kanta, ta rufa masa asiri, babu wanda ya gani.

Muryarta ce abin da maƙwabta ba za su manta ba. A farkon zamansu jefi-jefi take magana, ƙwas, sai a yi shiru, mutum ya gama alwala kafin ya ji wani ƙwas ɗin. Da tafiya ta yi tafiya ta koma ƙwas-ƙwas-ƙwas, dum, ƙwas-ƙwas, dum, wannan dum ɗin kuwa dogon madannin ƙasa ne da babban yatsa ke bugawa. Daga baya bakinta ya buɗe sosai, ratatatata, kamar ruwan sama a kan kwano, a garin da ba a san ruwan sama ba. Hama, wanda ɗaki ɗaya suke kwana, ya sha rantsuwa cewa sai ya jefa ta a masai. Yau duk Tayuri babu mai kuka kamarsa, munafukin Allah.

Ajalinta ya faro ne daga wata magana mai daɗi. Ranar rufe karatu, mudir, wato shugaban kamfani, ya miƙe a gaban taro ya ce duk wanda ya iya, aiki da kansa zai zo ya same shi. Aka yi tafi, aka sha lemo. Sai kuma aka ɗage jarrabawa, aka sake ɗagewa, har aka tsayar da Asabar mai zuwa, ciki kuwa bai san ɗagewa ba. To, a ina aiki yake zuwa ya sami mutum irinmu a Sabha? A bakin titi. Can kowa yake zama da asuba ya ajiye alamar sana'arsa a gabansa, mai mota ya rage tafiya ya duba ya zaɓa. Magini ya ajiye cokalin gini, Hama ya kafa burushi a kan gwangwani, Illia mai gyaran famfo ya jingina bututun ƙarfe. Ba a magana, kayan aiki ke magana. Younoussa bai san wata hanyar neman aiki ba, kuma sheburinsa ya riga ya bayar. Saboda haka ranar Talata ya goge Koubra da man zaitun, ya saka farar riga, ya je ya zauna a layi ya ajiye ta a kan bulo a gabansa. Hama ya ce masa, "Kai Younoussa, wannan ba kayan bakin titi ba ne, mayar da ita." Ya amsa masa, "Kowa da sana'arsa a gabansa. Ni tawa ce zan ɓoye?"

Mota ta tsaya kuwa, wata a-kori-kura mai samari uku a ciki. Younoussa ya miƙe da murmushi, yana zaton rabo ne. Na gaban bai yi sallama ba, ya nuna Koubra da ƙafa ya daka tsawa, "Harami! Ɓarawo! Daga wane ofis ka sato?" Younoussa ya fara bayani da Larabcinsa, ya ambaci jami'a, ya ambaci kamfani, sai suka fashe da dariya. Baƙi mai ƙurar siminti a gashi, wai jami'a! Marin farko ya fasa masa leɓe. Na biyu ya zo da gindin kwalba, ya cire haƙori. Layin ma'aikata ya watse, kuma ba a zargin kowa, domin wanda ba shi da iƙama, takardar zama a ƙasa, ba ya tsayawa inda 'yan sanda za su iya zuwa. Hama ne kaɗai ya tsaya yana roƙo, aka buga masa gwangwanin fentinsa a goshi, ya zauna jini da fenti na zuba masa a ido.

Illia ya gudu ya bar bututunsa, shi ɗaya daga cikin samarin ya ɗauka. Ya ce a shimfiɗa hannun da ya yi sata a kan bulo.

Jama'a, duk wanda ake duka kansa yake karewa, haka Allah ya yi ɗan Adam. Younoussa bai kare kansa ba. Ya fizge, ya faɗi rub da ciki, ya cusa hannuwansa biyu a cikin yashi, ya jawo Koubra ta rufe su. Ya bar musu kai da baya da haƙarƙari su yi yadda suka so, suka kuma yi. Takalmi ya sauka a fuskarsa har idanu suka rufe. Suka tattake bayan nan da siminti ya riga ya lalata. Mai bututu kuwa hannun yake nema, ya ɗaga ya sauke a kan Koubra, ya ɗaga ya sauke. Bugun farko ta ce ƙwas, da muryarta ta kullum. Na biyu ta tsage daga kunne zuwa kunne, madannai suka yi tsalle suka watsu a titi. Ya ci gaba har robarta ta zama gari, har ya kai ga farantin ƙarfen da ke cikinta. Farantin ya lanƙwashe, ya lotsa, amma bai huje ba. Sai da wani tsoho ɗan ƙasa mai kantin kusa ya fito da sanda yana tsine musu, sannan suka hau mota suka tafi. Allah ya isa. Maganarta ta ƙarshe, in ji Hama, wani ɗan ƙaramin ƙis ne, lokacin da dogon madannin ya faɗo daga jikinta.

Da aka zo ɗaga Younoussa ya ƙi tashi. Ba ya gani, jini ya cika masa baki, amma ya zaro hannuwansa yana lalube a cikin yashi. Ya tsinci madanni ya shafa ya yar, ya tsinci wani ya yar. Mutane suka ce dukan ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Sai da manunansa suka ji ɗan tudun nan, ɗaya sannan ɗayan, ya damƙe su a tafinsa, sannan ya yarda aka ɗauke shi.

Marigayiya ta rasu ta bar mai gidanta Younoussa, da yatsu tara masu lafiya, da ƙaramin yatsan hagu da ke cikin ɗori, wanda ya leƙo waje lokacin da bai kamata ba. Ta bar wayarta da ba ta taɓa amfani da ita a Tayuri ba. Ta bar Raïhanatou a Tanut, wadda ba ta taɓa ganinta ba, kuma har yanzu ba a gaya mata komai ba, don haka masu tafiya gida a kama baki. Ta bar Ustaza Djamila, wadda ta zo har Tayuri da ƙafarta, abin da ba a saba gani ba, ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaya, "Hannun fa?" Aka buɗe mata. Ta ce jarrabawa tana nan, ido ɗaya in ya buɗe ya isa karanta takarda. Na dama ya fara buɗewa jiya, alhamdu lillahi.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a bayan ɗakinsu, kusa da tankin ruwa. An tambayi liman, ya ce ba ta cikin waɗanda ake yi wa salla, amma zai zo ya tsaya. Illia ne zai haƙa ramin, shi ya roƙa, kuma ya ce bututun nan ba zai sake taɓa shi ba. Za a naɗe ta a ƙyallen da yake rufe hannuwansa da shi lokacin karatu. Wanda ya tsinci wani madanni nata a bakin titin Abdulkafi, don Allah ya kawo a haɗa. Madanni biyu masu tudu ba za a binne su ba, Hama ya riga ya kafa su a jikin wani katako, ya zana sauran da fenti, mai makoki yana bugawa a kai tun jiya, ko da yake katako ba ya amsawa.

Za a karɓi gaisuwa daga bayan jana'iza zuwa magariba. Ranar Asabar da safe babu zaman makoki, mai makokin zai fita. Ana kuma roƙon masu zuwa ta'aziyya, manya da yara, su yi masa gaisuwa da baki, kada kowa ya miƙa masa hannu ko ya matse nasa. Domin hannun nan Koubra ta sha bututu, kuma ranar Asabar ana bukatarsa.