Fitilar Zawarcin Alhaji Sallau

A Tudun Wadan Zariya, a wani layi da ke bayan tashar mota, akwai wata mata ana ce mata Hansatu, sana'arta yi wa fitilu hula. In ka faɗa wa baƙo haka sai ya yi dariya, ya ɗauka ba'a kake yi. To, gaskiya ne. Da can ɗinki take yi, amma a layin nasu teloli sun fi masu kawo ɗinki yawa. Wata rana matar wani malamin jami'a ta kawo mata tsohuwar hular fitilar tebur da asu ya cinye, ta ce ko za ta iya yi mata dabara. Hansatu ta ɓare tsohon yadin, ta kankare tsatsar wayar, ta lulluɓe ta da ragowar atamfa, ta zagaye bakin da geza. Matar ta nuna wa ƙawayenta, su ma suka nuna wa nasu, shi ke nan kasuwa ta buɗe. Mai walda ke lanƙwasa mata waya, ita kuma ta sa mata leshi ko shadda ko fata, wani lokacin ma ƙwarya take hudawa ta yi mata zane. Masu otal na saye, amare na saye. Ko gidan da wuta ba ta zuwa sai ta ga dama, ana saye a ajiye don ado.

Shagon da take ciki na Alhaji Sallau ne, kamar sauran shagunan layin. Dattijo ne mai jikoki, matarsa ta daɗe da rasuwa. Tun da Hansatu ta kama shagon bai taɓa ɗaukar sana'ar tata da daraja ba. Duk sanda ya biyo ta layin sai ya leƙo ya ce, "Jama'a na kukan rashin haske, ke kina nan kina rufe ɗan wanda aka samu." Ita dai sai ta gaishe shi ta ci gaba da aikinta.

Wata safiya sai ga shi ya shigo da kansa, rungume da wani abu a nannaɗe cikin zane. Da farko ba ta gane shi ba. Gemun nan da ta sani fari fat ya koma baƙi ƙirin, yana ta ƙyalli, ga ƙamshin turare tun daga bakin titi. Tabaran da bai taɓa rabuwa da su ba ma babu, shi ya sa ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa.

Ta miƙe ta ce, "Sannu da zuwa, Baba Alhaji."

Ya ɓata rai. "Wane ne Baba? Ke Hansatu, shekara nawa na ba ki? Alhaji kawai ya isa."

Ya kwance zanen. Hular wata doguwar fitilar falo ce irin ta da, yadin ya dafe, gefe ɗaya ya ƙone, gezar duk ta zube. Ya ce ta wata 'yar uwa ce. Can ya ce ba 'yar uwa ba ce sosai. Da ya ga Hansatu tana jira, sai ya waiwaya ya dubi ƙofa, ya rage murya, ya fito da maganar. Wata bazawara yake nema a cikin birni, Hajiya Sa'ade, mai sayar da atamfofi. Bayan magariba yake zuwa zance. To a falon nata akwai wani farin ƙwan lantarki da ke rataye tsirara daidai kan kujerar da ake saukar da shi.

Ya ce, "Ƙwan nan ba shi da tarbiyya, Hansatu. Duk layin da ke goshina sai ya karanta shi da ƙarfi. Shi ne na hango wannan a jingine a lungu, na ce ta ba ni in gyara mata, kyauta, don a riƙa kashe na saman. Haske nake so mai kunya, wanda ya san girman manya. Kin gane?"

"Na gane, Alhaji."

"Kuma in maganar nan ta fita daga ɗakin nan, ki nemi wani shagon."

Hansatu ta zauna ta yi aiki na gani na faɗa. Ta sa yadi ruwan zuma, ta yi masa shafi mai laushi daga ciki, ta ɗinka sabuwar geza. Da ta gwada a shago, ta miƙa hannunta ƙarƙashin hasken, ita kanta sai da ta ga fatarta ta yi sumul kamar ta amarya. Alhaji ya zo ya ɗauka yana ta sa albarka.

Ba a jima ba ya dawo da hular. Ya ce, "Aiki ya yi, ba laifi. Amma jiya na kama ta tana kallon wuyana. Ƙara shafi." Ta ƙara.

Ana nan, wata rana da azahar, wata mota ta tsaya a ƙofar shagon. Wata mata ta fito, ta ja mayafi har kan hanci, ga baƙin gilashi ya rufe sauran. Abin da ke hannunta kuwa Hansatu ta gane shi tun daga nesa, don ita ta ɗinka gezar.

Matar ta zauna ta ce, "Ƙanwata, ke kika yi wannan aikin?"

Ta sauke mayafin ta cire gilashin don ta sha iska. Hansatu ta dube ta da kyau. Mace ce kyakkyawa mai fara'a, amma in za a faɗi gaskiya, sa'ar innarta ce. Ta ce, "Ni ce, Hajiya. Wani abu ya samu ne?"

Hajiya Sa'ade ta ce, "Aikinki ya yi kyau, shi ne matsalar. Bari in gaya miki, mu mata ne. Wata mai dogon baki ta faɗa wa Alhaji cewa yanzu na ɗan haura arba'in. Ni ban faɗa ba, ban kuma ƙaryata ba, don ba kyau a kunyata mutum. Da can lafiya lau muke. In ya zo sai in zaunar da shi ƙarƙashin ƙwan sama, ni kuma in koma can jikin labule inda inuwa take. Yanzu ya kawo wannan abu ya dasa a tsakaninmu, ya ce in matso. Hasken a fuskata yake sauka. Ki taimake ni ki ƙara wa hular kauri. Kuma don Allah kada Alhaji ya ji."

Hansatu ta cije leɓe don kada dariya ta ƙwace mata. Ta ce, "Hajiya, bakina a rufe yake."

Daga nan fa hular nan ta shiga zirga-zirga tsakanin birni da Tudun Wada. Yau Alhaji ya ce wa Hajiya geza ta tsinke zai kai gyara, jibi Hajiya ta ce masa ƙura ta yi yawa ta aika a goge. Kowa ya zo maganarsa ɗaya, a ƙara shafi, kuma kada ɗayan ya ji. Hansatu ta ƙara, ta ƙara, har hula ta yi nauyin bargo. Sai da ta tilasta wa Alhaji ya sayi ƙwan da ba ya zafi, don kada soyayya ta ƙone gidan mutane. Hasken da ke fita ya koma kamar garwashin da aka manta a murhu.

Wata rana Alhaji ya shigo yana ɗingishi, ya bugi teburin tsakiya da ƙwaurinsa, amma bakinsa har kunne. Ya ce zance bai taɓa daɗi irin na yanzu ba. Hajiya kuwa da ta zo, ta ba ta labarin yadda ta tashi ɗauko masa ruwa, ta dawo ta tarar yana ta zuba wa labule kalamai.

Abin ya fara damun Hansatu. Takan zauna da allura a hannu tana tunanin ko tana da alhaki a cikin wannan lamari. Ta ɗan gwada jan hankalinsu. Ta ce wa Alhaji ko zai leƙa shagon atamfar Hajiya wata rana su gaisa. Ya ce shi mutum ne mai harkoki, ba shi da lokaci sai bayan magariba. Ta ce wa Hajiya ko za ta gayyace shi cin abincin rana. Ta ce ita ba a tarbiyyantar da ita da rawar kai ba. Hansatu ta ce a ranta, to Allah ya sa alheri, ni dai yadi aka ce in ƙara.

Aka sa rana, aka ɗaura aure, amarya ta tare da yamma cikin lulluɓi. Hansatu ma an kawo mata goro da alawa har shago.

Washegari da hantsi, tana cikin liƙa fata a jikin waya, sai ga Hajiya Sa'ade, ba gilashi, mayafi a kafaɗa, tana dariya har tana dafa bango.

Ta ce, "'Yata, ba ni kujera kafin in faɗi." Hansatu ta lura yau ta tashi daga ƙanwa ta koma 'ya. "Ashe haƙoran nan farare da nake yabawa, a kofi suke kwana! Gemun kuwa ya bar mini shaida a kan sabuwar rigar filo. Ni wallahi dariya na yi ta yi. Me na rasa? Mutumin kirki ne, yana da hira, abokin zama nake nema ba ɗan tsere ba. Amma shi yana can yana huci kamar kububuwa. Kunya ce ta ishe shi, yana neman wanda zai sauke wa. Na ji yana ambaton sunanki, shi ne na ce bari in riga shi. Ki dai riƙe mini amanata."

Ta shiga mota ta wuce kasuwa. Hansatu ta bi shagon da kallo, ta dubi hulunan da ke rataye, da yaduka, da ƙoren da ta huda ba ta gama ba. A nan mutane suka san ta, a nan take ci da 'ya'yanta.

Ba ta gama tunani ba sai ga Alhaji Sallau. Yau tabaran suna nan daram a kan hanci. Bai shiga ba, a bakin ƙofa ya tsaya, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Hansatu! Kin cuce ni!"

Teloli suka tsayar da kekuna. Mai gyaran rediyo ya rage murya. Masu shayi da masu jiran mota suka matso.

Ta fito ta russuna. "Ranka ya daɗe, ina kwana? Ya amarya?"

"Amarya? Kin san abin da ya faru da ni yau? Na fito tsakar gida da safe, rana ta fito tarwai, na ga wata dattijuwa tana shanya. Na ɗauka gwaggonta ce da ta rako ta. Na cire takalmi na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, na ce Gwaggo an tashi lafiya, ya gajiyar biki? Kuma ta amsa! Har da sa mini albarka!"

Wani tela ya kifa kansa a kan keke, kafaɗunsa na rawa.

Hansatu ta ce, "Alhaji, ni me na yi a ciki?"

"Me kika yi? Ni cewa na yi ki rage haske a kaina. A kaina! Wa ya ce ki rage a kanta?"

Sai da maganar ta fita ya tuna akwai jama'a. Ya waiwaya, kowa ya ɗauke kai yana kallon sama. Hansatu na iya cewa ba shi kaɗai ya nemi ƙarin shafi ba, ta wanke kanta nan take, amma ta yi alkawari. Ta ce, "Fitila ɗaya ce, ranka ya daɗe. Ba ta san na dama da na hagu ba."

Alhaji ya buga sandarsa a ƙasa. "Ban zo jin wannan ba. Ke kika ɓata, ke za ki gyara. Yadda na saba ganinta a falon nan, haka nake so in riƙa ganinta kullum, safe da yamma, ciki da waje. In ba za ki iya ba, miƙo mini makullin shagona yanzu."

Jama'a suka ƙara matsowa, ana jiran a ji abin da za ta ce.

Auren dai yana nan lafiya, an ce ma Alhaji ya bar rina gemu. Shagon kuma har yau Hansatu ce a ciki, don dariyar da aka yi a wurin ba ta bar masa bakin sake maganar makulli ba. Abin da ya faru shi ne, ta juya ta ɗauko tef ɗin awonta, ta miƙa masa da hannu biyu cikin ladabi, ta ce:

"Ba komai, Alhaji. Ka je ka auno mini kan ranar nan da ke sama, gobe war haka ka zo ka karɓi hularta."