Ranar da Na Ba Tsoho Bindigar Giwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zauna da hankalina, ba zazzaɓi ba maye, na ba wani tsoho bindigar harbin giwa a takarda ba. A Arlit kuwa, garin da ko zomo sai ka yini kana nema.

Shekarun nan ne da kasuwar uraniyom ta faɗi, kamfani ya shiga rage ma'aikata. Ni magazinye ne, wato mai kula da ɗakin ajiyar kayan aiki, kuma shekara goma sha ɗaya ina tsakanin noti da tiyo da takalman lebura kafin a miƙo mini takardar sallama. Komawa Damagaram hannu biyu bai taso ba. Sai na sayi tsohon mashin ɗin rubutu, na kafa tebur a gindin katanga daura da ofisoshin gwamnati, na zama mai rubuta wa mutane wasiƙu da cike takardu. Ban daina sa rigar kamfani mai aljihu huɗu ba, duk zafin garin, don kada wani ya ɗauka ni ma irin Malam Sani ne.

Malam Sani shi ne abokin sana'ata a ɗaya ƙarshen katangar. Bai gama firamare ba, da biro yake rubutu, yana yi yana fito da harshe. Ba na gaishe shi sai ya fara gaishe ni. Abin da ya fi ba ni haushi da shi, duk abin da aka faɗa masa shi yake rubutawa, ba ƙari ba gyara. Ni kuwa ina ganin ilimi ai gyara ne. In mace ta ce a rubuta wa mijinta ya aiko da gero, sai na ƙara masa da nasiha a kan haƙƙin iyali.

Ana cikin haka tawaye ya yi ƙarfi a duwatsu. Farauta dai dama an daɗe da rufe ta, amma makiyaya da masu garka, wato lambu, suna riƙe da tsofaffin bindigoginsu saboda dila. Sai aka manna sanarwa cewa duk mai bindigar farauta ya kai ta ofishin gandun daji, tare da takardar bayaninta, a rubuta. Wadda bakinta bai fi na lamba goma sha biyu faɗi ba, za a yi mata takarda a mayar wa mai ita. Wadda ta fi haka, ta manyan namun daji ce, za a karɓe. Wanda aka kama da ta yaƙi kuwa, ba da gandun daji zai yi magana ba. Ni na riƙa karanta wa mutane sanarwar da ƙarfi, ina fassarawa, ina ƙara bayani a kan bindigogi kamar wanda ya yi soja (ban taɓa harba ko danƙo ya sami wani abu ba).

Wata safiya sai ga wani dattijo Ba'abzine da rawani har bisa hanci, da bindiga a naɗe cikin tsohon bargo. Sunansa Baba Akali, daga wajen Dannet. Fari ya cinye masa raƙuma, ya tattaro 'yan awakin da suka rage ya kafa bukka a bayan gari, da nononsu yake ciyar da gidansa. Ya nufi teburin Malam Sani, na tare shi da murya.

"Baba, zancen bindiga ba na biro ba ne. Taho nan wurin mashin."

Ya zo ya tsuguna, ya warware bargon. Bindiga ce mai baki ɗaya, an ɗaure kotarta da fata, ƙarfen ya sha mai har yana ƙyalli.

"Ubana ya bar mini shi," ya ce da irin Hausarsu, yana kirana Mushe, yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci. "Mushe, rubuta abin da ke jikinshi kawai."

Na gyara gilashi na duba ƙarfen. Ga lamba nan a buge, goma sha shida. Gabana ya faɗi a madadinsa, har na ji tausayi irin na manya.

"Baba, akwai matsala. Sun ce kada ta wuce sha biyu. Taka sha shida ce."

"Sha shida ƙarami ne, Mushe."

Na yi dariya. Wallahi har yau ina jin ƙarar dariyar nan a kunnena. Mutumin da bai san alif ba a boko zai koya mini lissafi? Shekara goma sha ɗaya ina miƙa wa makanikai kile na kwance noti, kuma ban taɓa ganin lamba sha shida ta fi sha biyu ƙanƙanta ba. Tiyo haka, takalmi haka. Na ce a raina wannan shi ne jahilcin da ke halaka talaka, zai kai kansa da kansa a ƙwace masa gadon ubansa.

Sai na yanke shawarar in cece shi ba tare da ya sani ba. Na fara tunanin in rubuta sha biyu, sai na ga ai bakin iyaka ne, wani mugun ma'aikaci zai iya yin gardama. Gara in sauka ƙasa sosai inda ba mai ja. Na raba sha shida biyu, na buga takwas. Na manna tambur, na sa ya dangwala yatsa. Ban tsaya nan ba, na rufe mashin na ce zan raka shi in yi masa tafinta. Gaskiyar magana, godiya na bi.

Ofishin cike yake da mutane, kowa da bindigarsa a hannu. A bayan tebur akwai ajidan, wato babban jami'in gandun daji, wani siriri mutumin Tawa, kusa da shi kuma jandarma ɗaya yana zaune saboda halin da ake ciki. Da layi ya zo kanmu, na karɓi takardar daga hannun tsohon na miƙa da kaina, da hannu ɗaya.

Ajidan ya karanta, ya ɗago, ya sake karantawa.

"Wane na mai lamba takwas?"

"Ga shi nan, ranka ya daɗe," na ce, "ƙarama ce, ba ta kai ma abin da doka ta ce ba."

Bai ko kalle ni ba. Ya leƙa ƙofar ciki ya kira abokan aikinsa. "Ku taho ku ga abin da ban taɓa gani ba tun da nis shiga aikin ga. An kawo muna bindigar giwa."

Suka fito su uku, mutanen layi ma suka matso. Baba Akali ya warware bargo. Ajidan ya karya bindigar, ya leƙa bakin, ya duba lambar, sai dariyar ta bar fuskarsa. Ya tura wa jandarman takardar da bindigar tare. Shi kuma ya daɗe yana kallonsu, sannan ya miƙe tsaye.

"Takarda ta ce takwas. Bindiga ta ce sha shida. Tsoho, ina ɗayar?"

Duk wanda ya zauna Arlit a lokacin ya san ma'anar wannan tambaya. Mai rawani da ake zargin ya ɓoye bindiga a bayan gari, mota ake saka shi a yi Agadas da shi, kuma ba kowa ke dawowa da wuri ba. Baba Akali ya ce shi guda ɗaya gare shi. Jandarma ya nuna masa yatsansa a takarda, ya ce wannan ba naka ba ne? Ya ce nasa ne. Bai nuna ni ba, bai ko juyo ba.

Ina so in ce muku nan take na yi tsalle na faɗi gaskiya. Ƙarya ne. Abin da na fara yi shi ne na laƙa wa mashina laifi.

"Ranka ya daɗe, wataƙila mashin ne. Tsoho ne, wani lokaci yana tsallake."

Ajidan ya juyo gare ni a karo na farko, ya dubi rigar kamfanin tun daga wuya har aljihu na huɗu.

"Mashin ɗin naka ya iya lissahi ke nan. An ba shi ɗaya da shidda, ya raba biyu da kainai?"

Wani ya yi dariya a baya. Jandarman bai yi ba, ya zaro ankwa daga ɗamararsa ya ce wa tsohon ya miƙo hannu. Na ga hannuwan sun fito daga cikin riga, busassu, ba sa ko rawa. A nan ne bakina ya buɗe, ba don jarumta ba, don na san in aka tafi da shi ba zan ƙara iya zama a gindin katangar nan ba.

"Ni na canza. Shi sha shida ya ce in rubuta. Ni na mayar takwas, bai sani ba."

"Don mi?"

"Don in taimake shi. Doka ta ce kada ta wuce sha biyu, tasa kuwa sha shida ce, ta fi girma."

Da na tsaya a kan "ni na canza", da na fita da ɗan sauran mutunci. Amma sai da na kawo hujja, har da ɗaga yatsa. Ajidan ya buɗe aljihun tebur, ya ɗauko jan harsashi guda, ya nuna mini gindinsa.

"Karanta, tunda kai ɗan boko na."

"Sha biyu."

"To ga ƙaramin harsashi, ga babbar bindiga. Saka muna."

Na karɓa. Na kai harsashin bakin ramin bindigar, ya ƙi shiga. Na juya shi, na danna da babban yatsa, na hura ramin ko ƙura ce (ku dubi ƙarfin hali), na sake dannawa. Harsashin ya tsaya a waje yana kallona, ya fi ramin kauri ƙiri-ƙiri. Zufa ta jiƙa rigar kamfani. Mutanen da na yi kwanaki ina yi wa lacca a kan bindigogi suna tsaye a bayana, ina jin numfashinsu.

"Baba," in ji ajidan, "hwaɗa mishi."

Tsohon ya gyara rawaninsa. Ba fushi a muryarsa, kuma wannan ya fi mini ciwo.

"Mushe, ka taɓa shiga watanda?"

Na ce na taɓa.

"Akuya ɗaya. Yau mutum takwas sun raba, gobe mutum sha shida sun raba. Wane rana kashinka ya fi yawa?"

Na ce ranar takwas, da murya kamar ta amarya.

"To dalma ne, laba ɗaya. An raba shi ƙwallo sha shida, ƙwallo guda ya cika bakin bindigana. An raba sha biyu, ƙwallo ya fi girma. An raba takwas," sai ya dunƙule hannu ya nuna mini, "wannan sai giwa. Ni giwa ban taɓa ganinshi ba."

Ɗakin ya fashe da dariya. Har jandarman sai da ya juya baya yana mayar da ankwarsa. Ajidan ya ƙara mini da cewa ta yaƙi ita ce ake aunawa da milimita, can ne lamba ke hawa tare da girma, ya ce in riƙe wannan kada gobe in rubuta wa wani igwa.

An saki Baba Akali, amma ba a ba shi bindigarsa ba. Takarda mai tambur ta riga ta shiga hannun hukuma da lambar ƙarya, dole a rubuta bayani a aika Agadas, a jira amsa. Hanya kuwa ba a bin ta sai da rakiyar soja. Bindigar da doka ta yarda da ita tun farko, wadda da Malam Sani ya cika wa takarda da an mayar masa a ranar, ta yi sama da wata a kulle. Dila kuma bai san ana jiran amsa daga Agadas ba.

Gari ya sa mini suna Mushe Takwas. Mahauta in sun gan ni sai su tambaya ko kashi nawa nake so a yi. Na daina sa rigar kamfani. Na fara gaishe da Malam Sani, ya amsa kamar ba abin da ya faru, abin da ni ba zan iya ba da ina matsayinsa.

Ranar da aka mayar wa tsohon bindigarsa sai ga shi ya nufo katanga da bargonsa. Na sunkuyar da kai ina goge mashin, ina jira ya wuce. Sai ya tsuguna a gabana.

"Wasiƙa nake so, zuwa ga ɗana a Tamanrasset. Rubutun mashin ya fi kyau."

Na saka takarda a mashin. Ya fara da gaisuwa, ya ce ruwa bai zo ba, uwarsa tana lafiya. Sannan ya ce, "Rubuta, dila ya ci jan akuya mai nono da 'ya'ya huɗu. Rubuta, bindiga yana wurin hukuma lokacin, saboda wani mai ilimi ya taimake ni."

Na ɗago na dube shi. Idanunsa kawai nake gani a saman rawani.

"Rubuta, Mushe."

Na buga shi harafi bayan harafi, ban gyara ko waƙafi ba. Ya karɓa, ya yi godiya, ya miƙe ya taka zuwa ɗaya ƙarshen katangar. Ina zaune ina ji Malam Sani yana karanta masa wasiƙar da ƙarfi, a hankali, yana bin layi da yatsa, shi kuma yana gyaɗa kai a kan kowace kalma.

Tun daga ranar, in mutum ya ce mini abin nan ƙarami ne, ko da raƙumi yake nunawa, sai na tambaye shi yadda aka yi ya sani kafin in yi dariya.