Rasuwar Kwat ɗin Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani ɗaci da ya fi baƙin cikin, ana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar Kwat ɗin Baba, mai ruwan toka, wadda ta cika a kan teburin guga na Mai Ido, 'yar gwanjon nan ta layin tsofaffin kaya.

Duk wanda ya san layin ya san dalilin wannan laƙabi. A miƙa wa Mai Ido riga, ta shafa, ta juya cikinta, ta dubi haƙoran zif, nan take za ta faɗi zamanin da aka ɗinka ta, da inda wani tela ya shiga daga baya ya yi ɓarna. Ta sha kama sabon maɓalli a jikin tsohuwar riga. Riga ɗaya ce tak a duniya ba ta taɓa juya cikinta ba, ita ce marigayiya. Wa ke bincikar uban da ya haife shi?

Marigayiya ta shigo hannunta ne bayan rasuwar mahaifinsu, tsohon ma'aikacin tashar jirgin ƙasa. Mai Ido ta bar wa Yayanta agogo da rediyo da kujerar zaure, ta ce ita kwat ɗin kaɗai take so. Ya ce ta ɗan ba shi lokaci. Da ya tashi kawowa, a ninke ya kawo ta cikin leda, tana tashin turaren Baba. Mai Ido ta rungume ta tana kuka, shi kuma yana bubbuga kafaɗarta yana ba ta haƙuri.

An shaidi marigayiya da kawaici. Ta zauna shekara da shekaru a kuryar kabad, cikin kafur, ba ta taɓa ƙorafi ba. Muryarta ba ta wuce shuu ɗin shafinta in an zaro ta, da ƙiiƙ ɗin hangar ƙarfe. Ta sha hawayen Mai Ido ranar da aka yi gobara a layin, ta sha ranar da mijin Mai Ido ya kwanta asibiti. Ba ta taɓa tona asirin kowa ba, ashe har da nata.

Ciwon ajali ya kama ta ne da ɗan Mai Ido ya samu aiki. Uwar ta ce da rigar kakansa zai fara shiga ofis, sai dai kafaɗa ta yi masa yawa. Ta ɗauki reza ta farke shafin da niyyar ragewa, tana 'yar waƙarta. Waƙar ba ta kai ƙarshe ba. Bakin yadin a ɗaure yake da irin ɗinkin injin da bai zo ba sai da Baba ya yi furfura, alhali kwat ɗinsa ta girmi auren iyayensu. Zaren na roba ne. Soson kafaɗa na zamani ne. Ta zura hannu a aljihun ciki tana neman facin da Mama ta yi da shuɗin zare, inda alƙalamin Baba ya taɓa hudawa, ta tarar da aljihu lafiya lau, kamar ba a taɓa zuba masa komai ba.

Har nan tana nema wa marigayiya uzuri, wai ƙila Baba ya kai gyara. Sai ta juya ƙasan aljihun, ta ga ɗan ƙullin jan zare. Nata ne. Shi take yi wa duk kayan da ya fita daga rumfarta, don kada a dawo mata da na wani a ce nata ne. Wato daga dilar gwanjonta wannan kwat ta fito, ita da hannunta ta goge ta, ta sayar. Can ta tuna wani abokin Yaya da ya zo layin a makonnin makoki yana neman mai ruwan toka, bai ko gwada ba ya ce a ninke masa. A nan marigayiya ta cika.

Da ta kira Yaya, bai musa ba. Ya ce ta Baba ta yi masa daidai ne, kuma ita mace me za ta yi da kwat ban da ajiya? Sai ya ƙara da cewa, "Haba ƙanwata, ai ba ki rasa komai ba tunda ba ki sani ba." Wannan magana ta fi rezar kaifi. Ba yadin ne ya ƙona mata rai ba. A rumfarta aka saya, aka yayyafa turaren ubanta, aka tsaya ana kallonta tana kuka, an kuma san idon da ake tsoro a kasuwa ba zai buɗe ba a ranar.

Marigayiya ta bar hanga guda, da ragowar kafur, da saurayi da zai fara aiki da rigar aro. Ta kuma bar wata 'yar uwa mai ruwan toka a gidan Yaya, wadda aka ƙanƙance wa kwala, aka canza wa maɓallai, aka buɗa ta ta baya saboda tumbi. Ya ce wajen tafiya ya sayo ta. Mai Ido ta sha ganinta a jikinsa, har ta taɓa yi masa tsiya cewa telansa ya cuci tsohon yadi mai kyau.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a rumfar Mai Ido. Za a mayar da shafi, a goge marigayiya, a rataye ta a layin da ta fito, domin ita ba ta yi wa kowa laifi ba. Masu ta'aziyya kada su ce a yi haƙuri, an riga an sha wannan. Yaya kuwa, in zai zo, ana roƙonsa ya zo da waccan a jikinsa. Ba za a ɗaga masa murya ba. Ƙanwarsa so take ta zura hannu a aljihun ciki, ta taɓa ɗinkin Mama.