Yadda Na Yi Artabu da Dabbar Ƙanƙara a Riyad

Ko zan manta da komai na zamana a Riyad, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa zuwa ƙarshen duniya ba. Kafin in zama direba, malamin labarin ƙasa ne ni a Yawuri. Na sha zana wa ɗalibai tekun ƙanƙara na can arewacin duniya a allo, alhali ni da su duk ba mu san wata ƙanƙara ba sai ta cikin zoɓo.

Sai Allah ya haɗa ni da kafili, wato ubangidana Abu Nasir, wanda duk lokacin zafi yakan tsere can. Yakan shiga wani siririn kwalekwale mai cin mutum ɗaya, kayak, ya yi ta ratsa duwatsun ƙanƙara. A mota yake nuna mini bidiyo: ga kifi kamar tirela yana feso ruwa ta ka, ga farin beyar, ga wata dabba kamar ayu mai haure biyu. Rannan ya ce yana neman mai raka shi bana, wanda ya iya tuƙin jirgi.

"Ya mudir, maigida," na ce, "ai ni a bakin kogi aka yanke mini cibiya!" (Gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba shi ne, duk tsallaken da na yi a rayuwata, fasinja ne ni, ina rungume da takalmana.)

Ya ce ranar Juma'a zai gwada ni a kwamin ninƙaya na istiraharsa, gidan hutunsa na bayan gari. Murna ta hana ni zama. Na sayi jibgegiyar rigar sanyi, na je unguwar Sulay wurin wani abokina mai aiki a ɗakin sanyi, na tsaya tsakanin katan-katan na kaji ina horar da jikina.

Ranar gwaji na iso cikin rigar, rana tana dafa ƙwaƙwalwa. Mamman mai gadi, mutumin Maradi, ya dube ni sama da ƙasa. "Malam, masassara ce ko sarauta aka ba ka?"

Ban kula shi ba. Abu Nasir ya miƙo filafili mai baki biyu ya ce, "Yalla, ya ustaz." Na san a bidiyo a zaune yake tuƙi, amma na ɗauka hutun masu kuɗi ne. A garinmu matuƙin kirki a tsaye yake, ya kafa gora a ƙasa ya tura. Don haka na shiga kayak ɗin da ke kan ruwan kwamin, na miƙe tsaye cak, na caka filafilin nan a gindin kwami, na tura da ƙarfin shekarun da na yi ina mafarki.

Jirgi ya tafi. Ni ban tafi ba.

Rigar ta sha ruwa ta zama buhun siminti. Da na ɗago kai ina haki, sai ga wata ƙatuwar fuska toka-toka, da gashin baki da haure biyu, dab da hancina. Duk karatuna ya taso mini lokaci guda. Na ƙwala ihu, "Ta zo! Mamman, ta zo!" na rufe ta da duka har ta yi tsuwa ta lanƙwashe.

Balan-balan ɗin wankan 'ya'yan Abu Nasir ne. Ruwan kuma, da na miƙe, iyakarsa ƙuguna.

Abu Nasir ya zauna a ƙasa yana share hawayen dariya. Mamman ya ce, "Sannu Sarkin Ruwa, ka ceci Riyad." Har yau sunan da ake kirana ke nan a unguwar Ulaisha.

Tafiya kam na yi ta, har filin jirgi, ni na ɗauki jakunkuna. Da ya dawo ya kawo mini tsarabar 'yar ƙaramar dabbar nan ta roba, ya ce wannan ba ta cizo. Tana nan rataye a madubin mota. Tun daga ranar, in aka tambaye ni ko na iya abu, sai na fara tantancewa: yi na taɓa yi, ko a allo na zana shi?