Mage Ta Rufe Ido a Fagen Dambe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka ƙi zama wuri guda, ni Abdulkabir Mai Hoto na bakin tasha, hanyar Gezawa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar sana'ata, kyamarata, wadda duk gari ya sani da suna Mage. Ta cika ranar Asabar da ta wuce, ana dab da kiran magariba, a fagen damben bayan kasuwa, tana rataye a wuyana. A bakin aiki ta rasu.

Ga waɗanda ba su san asalin sunan ba, marigayiya tana gani a duhu. Kowa ya san ɗakunan iyayenmu mata: taga kamar tafin hannu, gado da jeren kwanuka sun cinye sauran hasken. Masu waya su shiga ranar suna, su fito da hoto kamar an shafa masa toka, su ce wai laifin ɗakin ne. Mage kuwa, da na ɗan taɓa maɓallinta sai ta ce "zit", ta ce "ƙit", ɗan koren akwati ya sauka a kan idon jariri, shi ke nan an gama. Ba ta taɓa neman a kunna mata fitila ta firgita ɗan mutane ba.

Haka take da abu mai gudu. Ta bi 'yan ƙwallo a filin makaranta, ta bi shanun huɗa, ta bi bunsurun da ya ƙwace a kasuwa har cikin rumfar masu tumatir. In ta kama fuska ba ta saki, ko mai fuskar ya yi tsalle ko ya yi ƙundumbala. Aibinta guda ɗaya ne, kuma zan faɗe shi don kada a ce na yi son kai: son fuskar mutum ya yi mata yawa. Sau da yawa a kawo rago in ɗauka don a tura wa mai saye a birni, sai ta tsallake ragon ta je ta kama fuskar dillalin da ke bayansa yana sakace. Na yi faɗa har na gaji, ba ta daina ba.

Ciwon ajalinta ya fara da damina. Ruwa ya tare mu a kan babur muna dawowa daga ɗaurin aure, ta jiƙe. Maƙwabcina Malam Kamaruddeen, wanda bai taɓa rasa maganin kowace cuta ba, ya ce a binne ta a buhun gero ya tsotse danshin. Gero ya tsotse danshi, gaskiya ne, ya kuma bar mata garinsa a ciki. Tun daga nan muryarta ta sauya. Maimakon "zit, ƙit", sai ta koma "ziiit, ziiit, ziiit", idon ya yi gaba ya dawo baya kamar tsohuwa tana laluben allura. Da rana tsaka tana daurewa, amma da inuwa ta fara tsawo sai ta rikice. Na kai ta wurin mai gyara a birni, ya buɗe, ya rufe, ya ce in je in ci gaba da lallaɓa ta. Malam Kamaruddeen har yau yana cewa da dawa aka sa da ba haka ba. Na yafe masa a baki, zuciyar tana nan tana ƙoƙari.

Wajibi ne in yi bayanin ranar ƙarshe, domin ita ce ta hana ni sukuni. Basiru ɗan Alhaji Muntaka mahauci ya same ni ya ce wannan ne dambensa na ƙarshe. Ya sami aikin rakiyar motar shanu zuwa Kudu, kuma ba ya jin zai dawo nan kusa. Abu ɗaya yake so: hotonsa a daidai lokacin da zai yi kisa, abokin karawa na tafiya ƙasa, ya bar wa mahaifiyarsa Inna Hure. Bai ambaci mahaifinsa ba, ni ma ban ambata ba. Duk garin nan an san Alhaji tsohon ɗan dambe ne, kuma tun da wani naushi ya tafi da jin kunnensa na hagu ya rantse ba zai sake kallon fage ba, ba zai kuma kalli fuskar ɗan da ya naɗa karan dambe a hannu ba. Kullum Basiru na durƙusawa ya gaishe shi, tsohon na amsawa yana fuskantar bango. Da haka yaron nan yake shirin barin gari, yana ganin uban ya cire shi daga rai.

Na ce masa ya kwantar da hankali, Mage ba ta taɓa kunyata ni a fage ba. Masu shirya dambe kuma kun san halinsu, babban wasa sai rana ta yi ja suke sakinsa. Kalangu ya ɗauka, turmin farko ya wuce babu kisa, na biyu ma haka, haske yana ta zubewa. Ina danna ta tana "ziiit, ziiit", ina roƙonta kamar mai lallashin yaro. Sai na ga kafaɗar Basiru ta sauka, na san hannu na zuwa. Na danne maɓalli gaba ɗaya. Ta ce "ƙit", tsaf, irin muryarta ta da. Fage ya kaure da ihu, abokin karawarsa, mutumin Bici, yana ƙasa, ita kuma Mage fuskarta ta yi baƙi. Na sauya batir, na hura, na girgiza, na kira sunanta. Ba ta sake cewa komai ba.

Da na kai memorinta birni aka wanke hoton, sai da na nemi wurin zama. Basiru da abokin karawarsa sun fito dishi-dishi kamar hayaƙi, ba mai gane wane ne wane. Halinta na son fuska bai bar ta ba har ƙarshe. Ta tsallake fage, ta tsallake 'yan kallo, ta je can tsakanin karan dawar da aka jingine a gefen gona, ta kamo fuskar Alhaji Muntaka tar, har ana iya ƙirga furfurar gemunsa. Bakinsa a buɗe, idonsa a kan ɗansa, hannun damansa a dunƙule ya kai shi gaba, carbinsa naɗe a kai kamar kara.

Tun ranar ban zauna ba. In share shago, in sake sharewa. In tafi fage in tsaya inda na tsaya, in dawo. Yatsana yana danna iska. In na hango Basiru ya nufo tasha sai in zille ta gonar gyaɗa, don ban san me zan ce masa ba: abin da ya roƙa bai samu ba, abin da aka samu kuma sirrin dattijo ne. Shi Alhajin ya biyo ya yi mini ta'aziyya, yana kallon gefe, ya tambaya ko idon marigayiya yana kaiwa nesa. Na ce ai ta rasu. Ya daɗe a tsaye kafin ya tafi. Da abin ya ishe ni na kai wa Inna Hure hoton. Ta duba, ta yi dariya, ta share ido da bakin mayafi, sannan ta aika a kai mata dawa niƙa.

Marigayiya ta bar batir biyu, ɗaya yana jinya. Caja ɗaure da roba. Jaka wadda zif ɗinta ya riga ta tafiya. Da ƙafa ukun da nake ɗora ta a kai, da ke jingine a kusurwa ba ta san an yi rashi ba. Ta bar jarirai da dama da yanzu suke makaranta, da amare, da dillalai masu sakace. Ta bar ni.

Na tuntuɓi Liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma na yarda. Za a naɗe ta a ƙyallen da nake goge mata ido, a mayar da ita jakarta, a ajiye a saman kantar shago. Zaman makoki gobe ne bayan la'asar a ƙofar shagona, kuma za a tashi kafin magariba, tunda ba sauran mai gani a duhu. Inna Hure ta ɗauki nauyin abinci. Ta ce kwano goma za ta zuba a kai wa mabuƙata, ba ƙari ba ragi, wanda ya san kaffarar rantsuwa ya san dalili. An tanadar wa Alhaji Muntaka buzu a inuwa. Duk wanda zai karanta masa wannan sanarwa, don Allah ya zauna ta wajen kunnen dama.

Basiru, na daina ɓuya. Ka zo kafin motarku ta tashi. Hotonka bai fito ba, amma ka zo ka karɓa.