Ɗaure-Tamau da Eriya Mai Juyi

"A garin nan, in dai ƙarfe ne mai kallon sama, ni ne ubansa!"

Da wannan maigidana, Allah ya jiƙansa, yake buɗe kowace hira. Sana'arsa kafa farantin talabijin a saman gidaje, kuma abin da ya ɗaure, ko guguwa sai dai ta gaishe shi ta wuce. Shi ya sa ake ce masa Ɗaure-Tamau. To, gyara zama ka ji.

Wasu malaman jami'a ne suka harba ɗan ƙaramin tauraron ɗan'adam, wai bai fi kwalin sabulu ba. Suna gwada aika saƙo ta rediyo zuwa wuraren da waya ba ta kamawa. Yau su sa shi wannan aiki, gobe su sauya masa wani daga nan ƙasa. Suna neman rufin da za su kafa eriya, da wanda za su naɗa mai kula da ita. Mutum biyu suka rage: maigidana da Tela, maƙwabcinmu, abokin tsokanarsa. Maigida ya rantse ba zai zauna ƙarƙashin mai allura ba.

Aka fara da rufinmu. Injiniyar, wata mace mai fara'a, ta gama kafawa ta ce, "Baba, ido kawai za ka sa mata. Kada ka taɓa."

"'Yata, ni za ki koya wa? Ina hawa rufi tun ba ki san hanyar makaranta ba."

Washegari da hantsi ya ɗaga kai, sai ya ga eriya tana juya wuya a hankali. Ya rafka salati.

"Kin ga aikin 'yan boko? Ko iska babu, abu yana lilo! Sun bar noti a sake."

Na ce, "An ce fa kada ka taɓa."

"Ba taɓawa zan yi ba, rufa musu asiri zan yi."

Ya hau da sifana, ya matse kowane noti har yana nishi. Da la'asar eriya ta yi ƙugi, ta sake juyawa. Tela ya leƙo ta katanga.

"Ɗaure-Tamau, baƙuwarka gidana take kallo, ko ba ta jin daɗin zama ne?"

Maigida ya ɗaure ta da waya ta kowace kusurwa. Ta tsinke ɗaya. Nan fa abin ya zama gaba. Ya aro injin walda, ya liƙe wuyanta ƙam. Ta yi ɗan kuka, ta fitar da hayaƙi, ta yi tsit.

Ya kaɗe hannu. "Yanzu ta san mai gidan."

Ranar gwaji ya gayyato unguwa kaf, ya sha rigarsa ta fita kunya. Injiniya ta buɗe kwamfuta, shiru. Ta hau rufi, ta duba, ta dafe kai.

"Baba, wa ya yi walda a nan?"

"Kyauta ce, 'yata, ba sai kin yi godiya ba."

"Baba, tauraron talabijin ne ake saita masa faranti wuri ɗaya. Namu gudu yake, yanzu ya ɓullo, an jima ya faɗa. Binsa eriyar take yi. Ka ƙona injin wuyanta."

Maigida ya ce, "To laifin wa? Ku ɗaure tauraron mana!"

Lokacin wucewar tauraron ya matso, babu dabara. Aka yanke waldar da zarto, aka ɗora wa maigida eriya a kafaɗa. Injiniya tana ƙasa tana kallon kwamfuta.

"Dama! A hankali! Ɗaga sama!"

Tela yana maimaitawa da ƙarfi, wai don kada 'yan bayan layi su rasa. Ga Ɗaure-Tamau a saman kwano, riga tana filfilwa, yana juyi kamar fanka mai ciwon baya. Can kwamfuta ta yi ƙara, saƙo ya shigo. Unguwa ta ɗauki tafi.

Ya sauko sharkaf da gumi, amma ƙirji a gaba.

"Kun gani? Da ba ni, da an kunyata. To, 'yata, faɗa musu wanda aka naɗa."

"Tela aka naɗa, Baba."

"Ni fa?"

"Kai ma kana da aiki. Kafin sabon inji ya iso, kai za ka riƙa juya ta. Tela zai riƙa gaya maka inda za ka fuskanta."

Tela ya dafa kafaɗarsa cikin tausayi.

"Gobe da hantsi, kada ka makara. Kuma ka shafa wa wuyanka mai kafin ka hau, ba na son inji mai surutu."